WASIƘA DAGA OGUI: Marubutan Intanet Na Katolika Sun Fara Neman Ganin Idon Juna



Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Ogui tsohuwar unguwa ce a tsakiyar birnin Inugu. Nan tashar jirgin ƙasa take, nan filin wasa na Nnamdi Azikiwe yake, kasuwar Ogbete kuma ga ta nan kusa. Tun da aka gano kwal a 1909, aka kuma shimfiɗa dogo zuwa Fatakwal a 1916, mutanenmu suka riƙa gangarowa da shanu da albasa da wake, har wasu suka kafa iyali. A wannan yanki ne kuma babbar majami'ar ɗarikar Katolika ta Holy Ghost take, wadda har tashar motar da ke gefenta ta ci sunanta. Su suna jin kiran sallarmu, mu muna jin ƙararrawarsu, shekara da shekaru. Amma in za a faɗi gaskiya, yawancinmu maganar da ke haɗa mu da su ba ta wuce "nawa ne" da "rage mini".

Abin da ya jawo wannan bayani shi ne, kwanan baya na kai wayata gyara wurin wani saurayi Ibo, haifaffen Sabon Garin Zariya, wanda Hausa ke bakinsa kamar jakin Kano. Ɗan Katolika ne na ƙwarai, kuma in ya tashi daga aiki yakan yi 'yan rubuce-rubuce da ɗaukar hotuna masu motsi a kan addininsu yana sawa a Facebook. Ina zaune sai ya miƙo mini tasa wayar, ya ce, "Baba Alhaji, dubi 'yan sana'armu a Rum." Na duba, sai ga taron samari da 'yan mata da limaman coci, kowa ya ɗaga waya sama, sun cika majami'ar Santa Bitrus.

Da na koma gida na bi diddigin al'amarin. Ashe ran 28 da 29 ga watan Yuli na 2025, Fadar Paparoma ta tara mutum fiye da 1,000 daga ƙasashe sama da 70, dukansu masu wa'azi ko rubutu ko waƙa a intanet. Kadinal Luis Antonio Tagle, mutumin Filifin, shi ya jagoranci addu'ar, daga ƙarshe Paparoma Leo na 14 ya fito ya yi musu jawabi, alhali bai cika wata uku da hawa kujera ba. Ya kawo musu misalin almajiran Annabi Isa, alaihissalam, waɗanda masunta ne, aka kira su suna cikin gyaran komarsu. Ya ce su ma su je su ɗinke komar da ta yage tsakanin mutane, kada yawan mabiya ya ɗauke musu hankali. Mu da muke kiran abin nan yanar gizo, misalin ya zauna mana daidai, domin aikin yanar gizo kama ƙuda ne, koma kuwa abinci take kawowa gida. Shi wannan Paparoma ba baƙon ƙasarmu ba ne, ya sha zuwa Nijeriya lokacin da yake shugaban ƙungiyar Agustinawa ta duniya daga 2001 zuwa 2013.

Ba a ranar aka fara ba. Tun ran 2 ga watan Mayu na 2011, kashegarin bikin ɗaukaka marigayi Paparoma John Paul na 2, ofisoshi biyu na fadar, na al'adu da na watsa labarai, suka gayyaci marubutan intanet 150, waɗanda aka zaɓo daga cikin fiye da 700 da suka nema. A lokacin ana yi wa irin waɗannan marubuta kallon 'yan tawaye, don kowa na rubuta abin da ya ga dama ba tare da izinin bishop ba, wasu ma aikinsu ke nan caccakar manyan coci. Maimakon a hana su, sai aka ce su zo a zauna. A watan Mayu na 2023 kuma ofishin watsa labarai na fadar ya fitar da wata takarda a kan zaman mutane a dandalin sada zumunta, wadda aka gina a kan labarin Basamariyen nan da ya tsaya ya taimaki wanda 'yan fashi suka yasar a hanya. Tambayar da takardar ta riƙe ita ce, a cikin waya, wane ne maƙwabcinka?

To, mene ne amfanin kashe kuɗin jirgi don a tara mutanen da kullum suke tare a waya? Ni a ganina amsar tana cikin maganar iyayenmu cewa kunya a ido take. Mutumin da ba ka taɓa gani ba, suna ne kawai da ɗan hoto, zaginsa ba ya da nauyi a harshe. Amma in ka taɓa cin tuwo da shi, ka ga furfurarsa, ka ji yadda yake tari, to ran da za ka rubuta masa baƙar magana sai yatsanka ya yi nauyi. Daɗin daɗawa, su kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandali da talla suke samun kuɗi, talla kuwa tana bin inda idanu suka taru, idanu kuma ba inda suke taruwa kamar wurin faɗa. Saboda haka na'urar takan tura maganar da ta fi tada jijiyar wuya gaba. Yaron da ya yi rubutu mai hankali mutum ashirin suka gani, ya yi na zagi dubu biyar suka gani, ba sai an gaya masa wanda zai sake yi gobe ba. Zama ido da ido na daga cikin 'yan abubuwan da ke rage wannan ciwo.

Kada dai a ce na yaba ba tare da na duba ɗaya gefen ba. Taro irin wannan yana iya zama na ɗaukar hoto kurum, kowa ya koma gida ya ƙara mabiya da hoton Paparoma. Kuɗin zuwa Rum kuma ba na mai gyaran waya a Ogbete ba ne. Abokin nawa ma a waya ya kalli taron da aka yi don a ajiye waya. Amma babban abin da na gani shi ne, duk waɗanda suka taru 'yan ɗaki ɗaya ne. Ganin ɗan'uwanka na addini abu ne mai sauƙi. A ƙasarmu kuwa ba tsakanin ɗan Katolika da ɗan Katolika komar ta fi yagewa ba.

Kuma ba za a ce 'yan Katolikan Nijeriya ba su da shiri ba. A Anacha suna da gidan Rediyo Sapientia. A Fatakwal, makarantarsu ta Afirka ta Yamma, wato CIWA, tana koyar da aikin sadarwa. Suna da ƙungiyar ma'aikatan watsa labarai mai suna CAMPAN, kuma tun 2022 majalisar bishop-bishop ta ware mako guda a kowace shekara don a tattauna harkar sadarwa a majami'u. A namu ɓangaren ma an taɓa gwada irin wannan, lokacin da Hukumar Hisba ta Kano a ƙarƙashin Malam Aminu Daurawa ta gayyaci 'yan TikTok zama a ƙarshen 2023. Wasu sun yaba, wasu sun kushe, amma dai an ga juna. Sai dai kowane ɓangare da nasa yake zama.

Mu mazauna Kudu mun san farashin wannan fiye da kowa. A watan Mayu na 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bayan wani saƙon murya da ta tura a WhatsApp. Sarkin Musulmi ya yi tir da kisan, Bishop Kukah ya roƙi a kwantar da hankali, duk da haka sai da tarzoma ta taɓa majami'u da shagunan 'yan kasuwa, har aka sa dokar hana fita. Wata bai ƙare ba 'yan bindiga suka kashe wata mata 'yar Arewa mai juna biyu da 'ya'yanta huɗu a Jihar Anambra. A ƙarshen watan Maris na 2025 kuma aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don bikin Salla. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kafin jami'an tsaro su ce uffan, hotunan sun riga sun zaga ƙasa, an haɗa da tsofaffin hotuna na wasu wurare, an ɗora kiran ramuwa a kai. A irin ranakun nan mai shayi a Ogui da wuri yake kashe wuta, ɗan canji ya kulle akwati, haka kuma Ibo mai sayar da kayan mota a Sabon Garin Kano yake kwana da ido ɗaya. Wanda ya rubuta kiran ramuwar kuwa wataƙila yana kwance a ɗakinsa a Ikko ko Landan. Abin lura, a batun Uromi abin da ya taimaka wajen sanyaya zukata har da tattakin da Gwamnan Edo ya yi da ƙafarsa zuwa Kano don ta'aziyya.

Manya sun daɗe da gane haka. Lokacin da John Paul na 2 ya zo a watan Fabrairu na 1982, ya ziyarci Inugu da Anacha, ya kuma je Kaduna, inda aka shirya zai gana da shugabannin Musulmi amma ganawar ba ta yiwu ba. Sai a watan Maris na 1998 aka yi ta a Abuja, da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo da sarakuna. Kadinal Francis Arinze, tsohon Babban Bishop na Anacha, shi ya riƙe ofishin hulɗa da sauran addinai na Fadar Paparoma daga 1984 zuwa 2002. A wancan zamani in sarki da bishop suka yi magana, gari ya ji. Yau akwai yaron da bai kai shekara talatin ba wanda masu sauraronsa suka fi na wani limamin Juma'a yawa, kuma ba ya cikin kowane kwamitin sulhu. Shi ba a gayyatarsa, kuma shi ne wuta ke hannunsa.

Shawarata ga hukumomin Katolika na Inugu da Anacha da Fatakwal ita ce, duk ran da za su tara matasansu masu aiki a intanet, su ware ko da awa biyu su aika wa Sarkin Hausawan garin ya turo nasa samarin masu irin wannan aiki. Ba muhawarar addini za a yi ba, wannan ta malamai ce. A yi musayar lambar waya, a yi alkawarin cewa in wani hoto ya ɓullo, kafin a tura shi gaba za a kira wani daga ɗaya ɓangaren a tambaya. Mu Musulmi umurnin bincika labari kafin a yi aiki da shi yana nan a Suratul Hujurati, ba baƙon abu ba ne gare mu. Su kuma sarakunanmu na zango kada su tsaya jiran takardar gayyata. Garin da ya zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsa na farko a shekarun 1950, bai kamata tsallaka titi ya gagare shi ba.

Da na koma karɓar wayata na faɗa wa saurayin nan wannan tunani nawa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba Alhaji, mu biyar ne muke wannan aiki a cocinmu, kuma ban da ni ba wanda ya taɓa shiga zangonku." Na ce ya kawo su ran Asabar bayan la'asar, shayi da tsire a wuyana. Ya ce zai tambayi Fada tukuna. Ni ma na sami yara uku daga cikin namu masu yawan surutu a Facebook, biyu sun amsa, na ukun ya ce sai ya ga wanda zai fara zuwa.