Daga Goyo Zuwa Sanda: Kowane Mataki Da Haƙƙinsa

Hausawa sun daɗe da kasa rayuwar mutum kashi-kashi. Akwai jinjiri, akwai yayayye, akwai yaro, sannan saurayi ko budurwa, magidanci ko matar aure, dattijo, daga ƙarshe tsoho mai dogara sanda. Kowane suna yana tafe da abin da ake jira daga mai shi, shi ya sa in yaro ya yi ɓarna sai a ce bai yi hankali ba tukuna, in kuwa dattijo ne sai a ce ya zubar da girmansa. A cikin ƙarni na 20 masana halayyar ɗan Adam sun duƙufa a kan sanin yadda hankali ke zuwa da kuma inda girma ke tsayawa. Biyu daga cikinsu sun fi yin suna, kuma abin da suka gano ya shafi uwaye da malaman lakkwal baki ɗaya.

Na farko shi ne Jean Piaget, mutumin ƙasar Suwis, wanda aka haifa a 1896 ya rasu a birnin Jeneba a 1980. Ya zura ido a kan ƴaƴansa uku tun suna jarirai, yana rubuta duk abin da suka yi, ya kuma share shekaru yana yi wa yara tambayoyi. Daga nan ya raba girman tunani mataki huɗu. Daga haihuwa zuwa shekara 2, yaro yana sanin duniya da ido da hannu da baki. Daga 2 zuwa 7 yana da magana, amma abin da idonsa ya gani shi ne gaskiyarsa. Daga 7 zuwa 11 yana iya lissafi da auna dalili, muddin abin yana gabansa. Sai daga wajen shekara 12 yake soma tunani a kan abin da bai gani ba, kamar adalci ko abin da ka iya faruwa gobe.

Gwajin da ya fi shahara mai sauƙi ne, kowa na iya yin sa a tsakar gida. A zuba ruwa daidai wa daida cikin kofi biyu, yaro ya yarda cewa ɗaya ne. Sai a juye ɗayan cikin kwalba doguwa siririya a gaban idonsa. Ɗan shekara 4 zai ce na kwalba ya fi yawa, tun da ya fi tsawo, alhali ɗan shekara 8 zai ce ba a ƙara ba, ba a rage ba. Ƙaramin bai yi taurin kai ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ba ta kai ga riƙe tsawo da faɗi a lokaci guda ba, kuma tsawa ko bulala ba za su kai ta can ba.

Binciken da ya biyo baya ya gyara wa Piaget wasu wurare. A shekarun 1980 an nuna cewa jariri ɗan wata 4 ko 5 ya riga ya san abin da aka ɓoye bai gushe ba, wato tun kafin lokacin da shi ya tsayar. A shekarun 1970 Pierre Dasen da abokan aikinsa sun bi jariran ƙabilar Bawule a Kodibuwar, suka tarar matakan suna bin jeri ɗaya da na yaran Turai. A 1969 kuma wani bincike a Meksiko ya nuna ƴaƴan magina tukwane sun riga tsaransu gane cewa yumɓu ba ya ƙaruwa don an sake masa siffa. Ke nan jerin matakai ɗaya ne ko'ina, amma saurin takawa ya danganta da abin da yaro ke taɓawa kullum.

Piaget ya tsaya a samartaka. Wanda ya ja zancen har bakin kabari shi ne Erik Erikson, haifaffen Jamus a 1902, wanda ya rasu a Amurka a 1994. A littafin da ya fitar a 1950 ya lissafa mataki takwas, kowanne da jarrabawarsa. Jariri yana koyon yarda da mutane in ana amsa kukansa. Mai tatata yana son yin abu da kansa, ɗan shekara 4 ko 5 yana son ƙirƙiro nasa wasa, ɗan lakkwal yana son a ga ya iya. Matashi yana neman sanin ko shi wane ne, baligi yana neman abokin zama, mai matsakaicin shekaru yana son ya raini na baya, tsoho kuwa yana waiwaye, ko ya natsu da abin da ya shuka ko nadama ta ci shi. A ganin Erikson, jarrabawar da ba a ci ba tana bin mutum bashi zuwa mataki na gaba. Wani masani ɗan Kamaru, Bame Nsamenang, ya yi nuni a 1992 cewa wannan lissafi ya fi duban mutum shi kaɗai, alhali a Afirka ana auna girman yaro da irin aiken da ake iya ba shi da ƙanen da ake iya bar masa.

Wannan ilimi yana da nauyi a Nijar, inda kusan rabin al'umma ba su kai shekara 15 ba. Wurin farko da ake tauye mataki shi ne kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara 2, lokacin da ƙwaƙwalwa ke girma da saurin da ba za ta ƙara yi ba. Hukumar lafiya ta duniya tana ba da shawarar nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Yaron da aka yaye dare ɗaya saboda kwanika, aka kai shi gidan kaka ba tare da abinci mai gina jiki ba, yana cikin haɗarin tamowa, ita kuwa tamowar farkon rayuwa takan bar tabo a tsawo da kuma karatu.

Wuri na biyu shi ne aji. Ɗan shekara 6 ko 7 da ke ajin CI ya fi gane lissafi in an ba shi tsakuwa ko ƙwayar gujiya ya ƙirga da hannunsa, a cikin harshen da yake ji. In an cika shi da hadda a faransancin da bai taɓa ji a gida ba, aka kira shi daƙiƙi, to an koya masa ganin kansa ƙasa da tsaransa a daidai matakin da yake neman a ce ya iya.

Wuri na uku ya fi ciwo. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sashen goshi, mai auna sakamako da danne zuciya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ƴan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin 18, kashi 28 kuma kafin 15. Yarinyar da ta tashi daga wasan gaɗa ta faɗa goyo an tsallakar da ita mataki guda cur, an ɗora mata rainon wani tun ba ta gama sanin kanta ba, ga kuma haɗarin doguwar naƙuda da yoyon fitsari.

Masu magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa ya san in ya matsa da gaggawa karyewa zai yi. Kafin uba ya ɗaga hannu ko ya karɓi sadaki, kafin malami ya yanke wa yaro hukunci, ya dace kowa ya tambayi kansa a wane mataki wannan yaro yake, me kuma matakin ke bukata. Allah ya raya zuri'a.