Waiwaye: Bangaskiya a zamanin gaggawa

A 1932 aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan Dakta Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa sun shafe shekaru masu yawa suna fama da fassara. Kakanninmu da suka karɓe shi yawancinsu manoma ne, jira kuwa ba baƙonsu ba ne. Mutum yakan yi watanni a ajin baftisma kafin a kai shi rafi. In ruwan sama ya makara, ikilisiya ta taru ta yi addu'a, gari na wayewa kowa ya saɓi fartanyarsa. Ran godiyar kaka, mai dami goma da mai dami biyu waƙa ɗaya suke rerawa. Suna da nasu rauni, don wasu ba su rabu da laya ba har suka mutu. Amma sun san Ubangiji yana amsawa a lokacinsa, ba su kuma ɗauki jinkiri a matsayin ƙi ba.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Alherinta a fili yake: da aka rufe majami'u lokacin korona a 2020, ta waya muka yi sujada, majinyaci a gadon asibiti kuma yana jin addu'ar Zumuntar Mata ta WhatsApp. Sai dai ta koya mana wani hali ba mu ankara ba. Ka tura kuɗi, nan take alat ya shigo. Sannu a hankali muka fara yi wa addu'a irin wannan lissafi: na yi azumin kwana uku, na shuka iri, ina sakamako?

Ku tuna MMM, tsarin zuba kuɗin nan. An yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata guda, jama'a suka ruga. Da kunnena na ji masu bi suna kiran abin buɗi daga Allah, har da mai tashi ba da shaida ran Lahadi. A Disamba 2016 aka daskarar da asusun, kuɗin makaranta da jarin mata suka tafi. Asarar kuɗin da ciwo, amma abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suka koma gida suna fushi da Allah a kan alkawarin da bai taɓa yi musu ba. Yau cacar ƙwallo ta gaji wannan gurbi, har akwai saurayin da ke addu'a a kan tikitinsa.

Laifin bai tsaya kan matasa ba. Mu manya ne muka mayar da lokacin shaida na masu sabuwar mota da biza kaɗai. Yaron da ya gama makaranta shekara biyar ba aiki yana zaune a baya yana ji, sai ya yanke cewa ko dai bangaskiyarsa ta gaza, ko kuwa Allah ya manta da shi. Wa'azi nawa ya ji a kan Ibrahim, wanda ya jira Ishaku shekara 25? Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya, ba a cire ba.

Ina roƙon fastocinmu da dattawa, in lokacin shaida ya yi, su miƙa wa gwauruwar da ke renon marayu huɗu da kuɗin ƙosai makirufo, ta faɗa wa yaran nan yadda take yi.