Bayanan 'ya'yanmu da lambar nan 0.0.0.0/0

Makon jiya wani abokina mai makarantar kuɗi ya kira ni, wai shafin da iyaye ke duba sakamakon yara yana nauyi, in zo in duba masa. Ba zan faɗi sunan makarantar ko garin ba, kada ma wani ya biyo ni ta akwatin saƙo. Na je bayan la'asar, aka ba ni kujera a ofishin akanta, aka kira matashin da ya haɗa manhajar ya turo mini hanyar shiga. Matsalar nauyin ba wata babba ba ce, kafin magariba an gama da ita. Abin da na gani a gefe shi ya sa nake wannan dogon rubutu, ku yi haƙuri ku karanta, musamman masu makarantu, asibitoci, ƙungiyoyin adashe da masu shagunan POS da ke ajiye bayanan jama'a.

Rumbun bayanan makarantar ba a ofis yake ba. Yana kan abin da ake kira gajimare, wato kwamfutocin haya na manyan kamfanoni irin su Amazon, Google da Microsoft, waɗanda kake biya duk wata su ajiye maka kayanka. Wannan ba laifi ba ne, ya ma fi a ajiye a kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur tana jiran wuta ta ƙona ta. To amma a irin wannan haya akwai wani gurbi da ake rubuta waɗanda aka yarda su ƙwanƙwasa ƙofar rumbun. Ana rubuta adireshin kwamfutarsu na intanet, duk wanda ba ya cikin jerin ko amsa sallama ba za a yi masa ba. A gurbin nan na makarantar abokina layi ɗaya ne kawai: 0.0.0.0/0.

Ma'anar wannan lamba ita ce kowa. Kowa a duniya. Na Kano, na Legas, na Rasha, na Birazil. Abin da ya rage tsakaninsu da bayanan shi ne kalmar sirri guda ɗaya, ita ma da na gan ta sai da na dafe kai: sunan makarantar ne da shekarar da aka kafa ta, abin da ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon bakin get.

Me ke cikin rumbun? Sunan kowane yaro da hotonsa da ajinsa. Sunan uba, sana'arsa, lambar wayarsa, unguwa da kwatancen gida. Wanda ke biyan kuɗin shekara gaba ɗaya lokaci guda, da wanda ke biya kashi-kashi. Har da wanda ke zuwa ɗaukar yaro in an tashi. Jama'a, a Arewar da muke ciki yau, inda masu garkuwa da mutane ke biyan 'yan leƙen asiri don su san gidan wa ke da hali, sai an yi wa wani bayanin darajar wannan jeri?

Da na nuna wa abokina, amsarsa ita ce wadda kowa ke bayarwa. Ya ce, "Haba Malam, wa ya san da ƙaramar makarantata da zai zo ya neme ta?" Nan ne mutane ke kuskure. Ba wanda ke zama ya nemi makarantarka da suna. Manhajoji ne ke sintiri dare da rana suna bin adireshi ɗaya bayan ɗaya, kamar ɓarawon da ke bin layi yana taɓa kowace ƙofa ya ji wadda ba a kulle ba. Adireshin intanet na tsohon tsari ba su wuce biliyan 4.3 ba gaba ɗaya, kuma tun 2013 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka fitar da manhajar ZMap wadda ke iya zagaye su duka cikin ƙasa da minti 45 daga kwamfuta ɗaya mai layi mai ƙarfi. Akwai ma shafin Shodan da ke tara sakamakon irin wannan sintiri, ka shiga ka bincika kamar kana Google. Kuma kowane irin rumbu an san lambar ƙofarsa: MySQL 3306, PostgreSQL 5432, MongoDB 27017. Na buɗe masa rajistar masu yunƙurin shiga, ga su nan jere, adireshin da ba mu san su ba suna gwada kalmomin sirri har cikin tsakar dare. Sai ya yi shiru.

Wannan ba sabon abu ba ne. A watan Janairun 2017 an bi dubun-dubatar rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, aka kwashe ko aka goge abin da ke ciki, aka bar takardar neman kuɗin fansa da Bitcoin. A tsakiyar 2020 wani hari da aka yi wa laƙabi da kukan kyanwa ya goge dubban rumbuna, shi ko fansa bai nema ba, ɓarna ce kawai. Kada ku ce ai ƙananan mutane ne. A Janairun 2025, daidai lokacin da duniya ke ta zancen DeepSeek na ƙasar Sin, masu bincike na kamfanin Wiz suka tarar da wani rumbunsu a buɗe ba ko kalmar sirri, da layukan bayanai sama da miliyan ɗaya, ciki har da hirarrakin masu amfani da manhajar.

Amma wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Snowflake a 2024. Snowflake kamfani ne da manyan kamfanoni ke ajiye bayanai a wurinsa. Ba fasa shi aka yi ba. Kalmomin sirrin abokan hulɗarsa aka sato, aka shiga da su ta ƙofa kamar masu gida. Kamfanin Mandiant da ya yi binciken ya ce an sanar da ƙungiyoyi kusan 165 da abin zai iya shafa. Ticketmaster na cikin waɗanda aka kwashi bayanansu, haka AT&T, wanda ya fito ya ce an ɗauki rajistar kira da saƙonnin kusan dukkan masu layinsa na wasu watanni na 2022. Abubuwa uku binciken ya nuna: ba a sa tabbaci na biyu bayan kalmar sirri ba, an daɗe ba a sauya kalmomin ba, wasu tun 2020 aka sace su, sannan ba a taƙaita adireshin da za a iya shigowa ta kansu ba. Ku lura da na ukun. Da an taƙaita, ko ɓarawo na riƙe da kalmar sirri ta gaskiya, zai tarar ba hanyar isa ƙofar daga inda yake.

Ta ina aka sato kalmomin? Wasu daga kwamfutocin 'yan kwangila ne, waɗanda suke aiki da su kuma suke wasanni da sauke manhajojin sata a kansu. Yanzu don Allah a cikinmu masu wannan sana'a, wa zai ɗaga hannu ya rantse babu manhajar sata ko ɗaya a laftof ɗinsa? Wannan laftof ɗin ne fa ke ɗauke da mabuɗin rumbun makaranta, da na asibiti, da na ƙungiyar adashe.

To, ban zo in ci mutuncin matashin da ya yi aikin ba. Yaro ne mai ƙoƙari, kuma na san dalilinsa tun kafin ya faɗa, don ni ma na taɓa yi a farkon fara aikina. Da datar waya yake aiki. Yau MTN, gobe Airtel, jibi MiFi ɗin abokinsa. Layukan waya ba su ba ka adireshi tsayayye, kana kashe data ka kunna yana iya sauyawa. Ka sa adireshinka a jerin da safe, da yamma rumbun ya ce bai san ka ba, ga mai aiki na kira yana faɗa. A shafin wasu kamfanonin ma akwai maɓalli ɗaya da ke cewa a bar kowa ya shigo daga ko'ina. Sai ka danna, ka ce na yau ne kawai, in na gama zan rufe. Wannan "na yau kawai" shi ne ke shekara uku. Ga kuma bidiyoyin koyarwa na YouTube da yawa da ke cewa a danna shi don darasi ya yi sauri, ba su tsayawa su ce kada a yi haka da bayanan mutane na gaske.

Uzuri ne, amma ba hujja ba ce, domin maganin ba tsada gare shi ba. Ku dubi gidajenmu na gargajiya. Ba a fitar da ƙofar ɗakin matar gida ta kalli titi a ce ai an sa kwaɗo mai kyau. Baƙo zaure yake tsayawa, ya yi sallama, a san ko wane ne. Haka ake tsara rumbu. A ajiye shi a sashen ciki wanda ba shi da adireshin da ake gani daga waje kwata-kwata. A Amazon tambaya ce ɗaya ake maka lokacin buɗe rumbu, ko kana so jama'a su iya isa gare shi, ka ce a'a. Kwamfutar da ke ɗauke da manhajar ita kaɗai za a yarje wa magana da shi, ta ƙofa ɗaya. Shi kuma mai gyara, in zai shiga, ya bi ta zaure: ko dai wata 'yar ƙaramar kwamfuta da aka tanada don haka wadda ba ta karɓar kowa sai mai mabuɗi na musamman, ko ta VPN. WireGuard kyauta ce. Tailscale na da tsarin kyauta ga mai ƙaramin amfani. Google na da nasa ɗan aiken da ke tantance mutum kafin ya haɗa shi da rumbu, Amazon ma haka. Da waɗannan, layinka ya yi ta sauya adireshi sau goma a rana, ba ruwanka.

Kada kuma wani ya ɗauka in an rufe wannan ƙofa an gama. Bankin Capital One na Amurka a 2019 bai bar rumbunsa a titi ba. Ta wata kwamfutar gaba da aka saita ba daidai ba aka shiga, ita kuma an ba ta izinin da ya wuce aikinta, sai aka yi amfani da izinin aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 100 a Amurka da kusan miliyan 6 a Kanada. Tarar dala miliyan 80 hukuma ta ci su. Saboda haka manhajar duba sakamako ba ta da dalilin riƙe mabuɗin da zai iya goge rumbu gaba ɗaya. A ba ta iya abin da take buƙata. Wanda ya bar aiki a cire shi ranar da ya tafi. Kwafin ajiya ya kasance a wani wuri daban, kuma a riƙa gwada dawo da shi.

Inda na fi ganin laifi, gaskiya, wajen masu ba da aikin ne. Alhaji zai kashe kuɗi ya sa waya mai lantarki a kan katanga, ya ɗauki masu gadi biyu, ya sa kyamara, amma in an zo maganar manhaja sai ya nemi wanda ya fi araha, tambayarsa kawai ita ce launin shafin ya yi kyau kuma tambarin makaranta ya fito. In an gama a biya yaro a sallame shi, ba yarjejeniyar kulawa, ba wanda zai sake leƙawa. Kamfanin gajimare kuwa tun a takardar haya ya gaya maka: tsaron gini da injuna nasa ne, wanda za ka buɗe wa ƙofa kuma naka ne. Doka ma haka ta gani. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora nauyin farko a kan wanda ya tara bayanan kuma yake yanke abin da za a yi da su. Ta ba shi awa 72 ya sanar da hukumar NDPC in an samu kutsen da zai iya cutar da mutane, kuma tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. "Ai yaron ne ya haɗa" ba amsa ba ce a gaban hukuma.

Ba sai ka iya kwamfuta ba kafin ka bincika naka. Kira wanda ya haɗa maka, ka ce ya buɗe maka jerin adireshin da aka yarje wa isa rumbun, ka gani da idonka. In ka ga sifili huɗu da ɗigo-ɗigo da wani sifilin a ƙarshe, ka tambaye shi yaushe zai cire, kuma nawa aikin zai ci, ka biya shi. Ka tambaye shi mutum nawa ke da mabuɗi yanzu haka, da sunayensu. Iyaye ma kuna da haƙƙin yin wannan tambaya a taron iyaye da malamai, tunda bayanan gidajenku ne.

Mu dai washegari muka zauna da matashin, ni da shi, ya zo yana ta "Yaya, wallahi na so in gyara." Na ce ƙanena zauna mu yi. Awa biyu da 'yan mintuna muka mayar da rumbun ciki, muka sa VPN, muka sauya duk kalmomin sirri, muka raba mabuɗin manhaja da na mai gyara. Abin da ya ƙaru a kuɗin wata bai kai kuɗin man janaretan makarantar na yini ɗaya ba.

Saura magana ɗaya da har yanzu ba mu daidaita da abokina ba. Rajistar shiga ta kwana bakwai kawai ake ajiyewa, alhali ƙofar ta fi shekara biyu a buɗe. A kwana bakwan ba wanda ya samu shiga. Na baya kuwa an riga an goge. Ni na ce a tara iyaye a gaya musu abin da aka tarar da abin da aka gyara, a kuma ja kunnensu kan duk wanda zai kira su a waya yana ambaton sunan yaro da ajinsa ya ce daga makaranta yake. Shi yana tsoron kada a ji a gari a fara cire yara. Ya ce in ba shi zuwa Juma'a ya yi shawara da matarsa, don ita ce shugabar sashen firamare. Asabar da safe zan koma.