Ba A Ranar Ciniki Ake Gama Biyan Kuɗin Gida Ba

Akwai wata magana da dillalan filaye suka daɗe suna rerawa a kunnen 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, wai kuɗin haya asara ne, duk wanda ya sayi nasa gida ya huta. Maganar tana da zaƙi, musamman ga magidancin da ya shekara goma sha biyar cunkushe da iyalinsa a ɗaki ɗaya a Agege ko Idi-Araba, kowace shekara mai gida yana ƙara masa kuɗi. Amma rabin gaskiya ce, rabin da aka ɓoye kuwa shi ne yake kayar da mutane. Dillali a ranar ciniki yake karɓar la'adarsa ya kama gabansa. Wanda ya sayi gidan shi ne zai zauna da ɗawainiyarsa wata bayan wata.

Tun kafin a kai ga mabuɗi ma lissafin yake fara kwancewa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, sayar da fili ko gida kuma ba ya kammala a idon hukuma sai da amincewarsa. Wannan amincewa kuɗi ce, ga kuɗin safiyo, ga na lauya, ga na rajista. Wanda fili ya saya, ga kuma samarin nan da ake kira omo onile, masu neman a ba su na aza harsashi, a ba su na ɗora kwano. A 2016 Jihar Legas ta kafa doka a kansu, amma wanda ya taɓa sauke tifar yashi a bayan gari ya san al'adar ba ta mutu ba. Magidancin da ya tattara duk abin da ya mallaka ya miƙa wa mai sayarwa, da bashi zai yi waɗannan, da bashin kuma zai tare.

To, ya tare. Daga ranar nan duk abin da a da yake kai ƙararsa wurin mai gida ya dawo kansa. Kwano ya yi yoyo da damina, shi ne. Masai ya cika, shi zai kira motar kwashewa. Injin rijiyar burtsatse ya ƙone, shi zai nemo mai gyara, in kuwa ba rijiyar sai ya sayi ruwa jarka-jarka a wurin mai ruwa, wanda sau da yawa ɗan garinsu ne. Ga kuɗin kwasar shara, ga kuɗin 'yan sintiri da na ƙofar layi, ga karo-karon ƙungiyar masu gidaje in taransifoma ta lalace ko hanya ta zaizaye. A Legas akwai harajin gidaje na shekara-shekara wanda aka kafa a 2001, aka sake masa fasali a 2018 da 2020. Ko ɗaya daga cikin waɗannan dillali bai ambata ba.

Wuta kaɗai ta isa misali. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga rukunin da ake ba sa'o'i ashirin a rana daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Gidan da yake shan yunit 200 a wata, wanda a da naira 13,600 ta ishe shi, sai ya wayi gari ana nemansa da naira 45,000. A wannan shekarar ce aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Wanda unguwarsa ba ta cikin wannan rukuni bai tsira ba, domin janareta ce wutarsa. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a wurare da yawa cikin 2024.

Shi kuma fetur ɗin nan shi ne yake tona asirin fili mai araha. A ina talaka yake samun fulotin da zai iya saya? A Mowe da Ibafo da Sango Ota da can bayan Ikorodu. A ina abincinsa yake? A kasuwar Mile 12, ko Idumota, ko bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa. Mutumin da a da yake taka sayyadarsa zuwa rumfarsa, yanzu sai ya hau mota biyu ko uku, zuwa da dawowa, kwana shida a mako. A tara kuɗin motar nan na shekara guda a aza shi kusa da hayar da aka gudu, sannan a faɗi wanda ya huta. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Masu albashi suna da wata hanya. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba masu zubi rance a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari. Ko a wannan rangwame, wanda ya ranci naira miliyan 5 na shekara 20 zai riƙa biyan kimanin naira 35,800 kowane wata, jimla wajen miliyan 8.6. Bankunan kasuwa kuwa ba a magana, tunda a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5. Ɗan kasuwar da ba ya son mu'amala da ruwa sai ya juya ga adashi da rancen abokai, daga nan ya kai hannu cikin jari. Nan ne babbar ɓarnar take. Jari shi ne saniyar tatsa. Wanda ya yanka ta ya sayi bulo da siminti zai samu inuwa, amma da me zai yi cefane a ƙarƙashinta?

Bugu da ƙari, ɗan Arewa a Kurmi gida biyu yake riƙe. Akwai iyaye a Katsina ko Sakkwato masu jiran saƙo, akwai takin gona da damina, akwai kuɗin motar zuwa sallah da ragon layya, akwai biki da suna da rasuwa. Kasafin da bai sa waɗannan a ciki ba yaudarar kai ne. Samun kuma ba shi da tabbas. A 2020, sannan a 2022, gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, dubban matasa suka wayi gari ba sana'a. A Fabrairun 2021 rikicin kasuwar Shasha a Badun ya cinye rumfuna da gidaje. Haraji da kuɗin wuta ba sa jiran kasuwa ta buɗe.

Wani zai ce, to sai a dawwama a gidan haya, ana wulaƙanta mutum, ana ba shi notis duk lokacin da aka ga dama? Ko kusa. Zaman haya a biranen Kudu azaba ce, kuma dokar haya ta Legas ta 2011, wadda ta hana neman sabon ɗan haya ya biya fiye da shekara guda, ba ta hana masu gidaje da wakilansu tatsar baƙo ba. Mallakar muhalli buri ne na kowane mai mutunci. Abin da ake yaƙa shi ne shiga cikinsa ido rufe, don kawai a ce wane ma ya yi gida a Ikko. Gidan da aka saya da zuga shi ne ake sayarwa da gaggawa, dillalin da ya ci la'adar saye kuma shi zai dawo ya ci ta sayarwa.

Maganin ba ya bukatar ilmin boko mai zurfi, littafi da alƙalami ya isa. Mai niyyar saye ya rubuta duk abin da ya kashe na wata shida, har kuɗin gawayi da na makarantar yara da abin da ya aika gida. Ya je unguwar da yake hari da damina, ba da rani ba, ya ga inda ruwa yake kwanciya. Ya tambayi mazauna layin nawa suke biya na wuta da ruwa da tsaro. Ya gwada zuwa wurin sana'arsa daga can da sassafe ya ƙidaya kuɗin mota. In biyan bashin gidan zai ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na samunsa, ya dakata. Ya ware abin da zai riƙe iyali na wata uku zuwa shida ba tare da ya taɓa jari ba, ya kuma riƙa ajiye wani abu kowane wata domin gyara.

Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da nasu nauyi. Su ne ake kai wa shaidar ciniki, su ne kuma ake kai wa ƙara in bashi ya ƙi biyuwa. Kafin su sa albarka, su tambayi mai saye da me zai riƙe gidan bayan ya saya. In ya rasa amsa, su gaya masa ya ƙara shekara ɗaya ko biyu yana tari. Daidai ruwa, daidai tsaki.