Me ya sa makarantun Amurka ke kasa gano ɗalibai marasa matsuguni?

Idan aka ce marar gida a Amurka, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne wani dattijo kwance a ƙarƙashin gada da tarkacensa. Da wuya a tuna da yarinyar da ke zaune a aji da jakarta da littattafanta, alhali a cikin mota ta kwana.

Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta ƙasar sun nuna cewa a shekarar karatu ta 2022/2023, makarantun gwamnati sun tantance ɗalibai kusan miliyan 1.4 da ba su da tsayayyen wurin kwana. A birnin New York kaɗai, adadin ya haura 146,000 a shekarar 2023/2024, wato kusan ɗalibi ɗaya cikin takwas.

Waɗannan su ne aka gano. Tambayar da ke damun masana ita ce, ina sauran?

Me doka ta tanada?

A watan Yulin 1987 ne Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar da a yanzu ake kira McKinney-Vento, sunayen wasu 'yan majalisa biyu, Stewart McKinney na jihar Connecticut da Bruce Vento na Minnesota. An sabunta sashenta na ilimi a 2015.

Dokar ta ce duk yaron da ba shi da tsayayyen wurin kwana mai inganci, marar matsuguni ne. Wannan ya haɗa da masu kwana a gidajen agaji, ko otal mai arha, ko mota, ko kango, har da waɗanda suka raɓe a gidan 'yan uwa ko abokan arziki saboda an kore su daga gidan haya ko kuma talauci ya ci ƙarfinsu.

Da zarar an tantance yaro, haƙƙoƙinsa a bayyane suke. Dole a ɗauke shi makaranta nan take, ko da babu takardar haihuwa ko shaidar rigakafi ko adireshi. Yana da damar ci gaba da karatu a makarantarsa ta asali ko da iyayensa sun koma wata unguwa, kuma hukuma ce za ta samar masa da motar zuwa da dawowa. Abincin makaranta ma kyauta ne a gare shi.

Haka kuma, wajibi ne kowace hukumar ilimi ta gunduma ta naɗa jami'in da zai riƙa nemo irin waɗannan yara. A Amurka waɗannan hukumomi ne ke tafiyar da makarantun gwamnati, kuma sun haura 13,000.

Inda gizo ke saƙa

Duk waɗannan haƙƙoƙi sun rataya ne a kan abu ɗaya: sai an san halin da yaro ke ciki.

Kimanin kashi uku cikin huɗu na ɗaliban da aka tantance, a gidan wasu suke raɓe. Uwar da ta kwashe 'ya'yanta uku zuwa falon ƙanwarta ba ta ɗaukar kanta a matsayin marar gida, don haka ba za ta je makaranta neman taimako ba.

Ita kanta gwamnati ba ta magana da murya ɗaya. Ma'aikatar gidaje, a ƙidayar da take yi ta dare guda a kowane watan Janairu, ba ta lissafa waɗanda suka raɓe a gidan wasu. Shi ya sa a 2024 ta ƙidaya mutum kusan 770,000, manya da yara, adadin da bai kai na ɗaliban da makarantu suka gano ba.

Akwai kuma tsoro da kunya. Wasu iyayen na gudun kada hukumar kula da walwalar yara ta ƙwace musu 'ya'ya. Baƙin haure na fargabar duk wata takarda da za ta kai sunansu ga hukuma. Matashin da ya bar gida saboda cin zarafi kuwa, shiru ya fi masa sauƙi.

A ɓangaren hukumomi, sau da yawa jami'in da aka naɗa yana riƙe da wasu ayyukan biyu ko uku. Sannan kowane yaro da aka tantance ƙarin kuɗin mota ne a kan gunduma, musamman idan ya koma nesa. Hukumar da aljihunta ya yi rauni ba za ta yi zumuɗin bincike ba.

Wani bincike da cibiyar 'yan jarida ta Center for Public Integrity ta wallafa a 2022 ya yi ƙiyasin cewa ɗalibai kusan 300,000 ne ba a tantance ba, kuma gundumomi kimanin 2,400 sun ce ba su da ko ɗalibi ɗaya marar matsuguni, duk da talaucin da ke yankunansu.

Batun kuɗi

Abin da gwamnatin tarayya ta ware wa shirin a 2024 dala miliyan 129 ne. Idan aka raba wa yaran da aka tantance, kowanne bai samu dala 100 ba a shekara. Akasarin gundumomi ma ba sa samun ko sisi daga wannan asusu kai-tsaye, amma dokar na kansu.

Zamanin korona ya nuna tasirin kuɗi. Lokacin da aka rufe makarantu, adadin da aka tantance ya faɗi zuwa kusan miliyan 1.1 a 2020/2021, domin malamai sun daina ganin yaran ido da ido. A 2021 majalisa ta ware dala miliyan 800 na musamman, gundumomi suka ɗauki ma'aikata, suka sayi katin man fetur da wayoyi da kayan sawa, adadin ya sake hawa. Tsadar haya ta taka rawa a hauhawar, amma ƙarin masu nema ma ya taka tasa.

Wa'adin wannan kuɗi ya ƙare a watan Satumban 2024. A 2025 kuma gwamnatin Shugaba Donald Trump ta gabatar da shawarar haɗe shirin da wasu shirye-shiryen ilimi a asusu guda da jihohi za su kashe yadda suka ga dama. Magoya baya na cewa jihohi sun fi sanin buƙatunsu, masu suka kuma na cewa yaran da ba a gani su ne za a fara mantawa da su. Ikon amincewa da kasafi dai na hannun majalisa.

Abin da ke aiki

Gundumomin da suka yi nisa sun sauya salon tambaya. Maimakon a ce wa uwa ko ba ta da gida, sai takardar rajista ta tambayi inda yaro ke kwana a yanzu, da ko zaman na wucin gadi ne.

Sun kuma horar da waɗanda suka fi kusa da yaran: direban motar makaranta da ya lura ɗalibi na sauya wurin hawa, da mai raba abinci da ta ga yana ɓoye saura a jaka, da malamin da ya ga yana gyangyaɗi a aji kullum da riga ɗaya.

Abin da ake ƙoƙarin karewa ba ƙarami ba ne. Kusan rabin waɗannan ɗalibai na yawan fashin makaranta, kuma kimanin kashi 68 cikin ɗari ne ke kammala sakandare a kan lokaci, alhali a ƙasar baki ɗaya adadin ya kai kusan kashi 87. Wanda bai kammala sakandare ba kuwa, ya fi shiga haɗarin rasa matsuguni idan ya girma.

Doka ta shekara kusan 40 tana nan daram. Abin da ya rage shi ne ko za a samu mutane da kuɗin da za su kai ta ga yaron da har yanzu sunansa bai shiga lissafi ba.