Ra'ayinmu: Dako Ya Fi Kaya Tsada

Duk shekara idan zangon ƙarshe ya kama, akwai wani rukuni na 'yan'uwanmu ɗalibai da barci kan ƙaurace wa idanunsu tun ba a kafa jadawalin jarrabawa ba. Su ne 'yan ajin ƙarshe na sassan injiniyan lantarki da kimiyyar kwamfuta da makamantansu, waɗanda ƙa'idar karatu ta wajabta wa kowannensu ya harhaɗa wata na'ura da hannunsa, ya kunna ta a gaban malamai ta yi aiki, kafin a ce ya cancanci digiri. Kayan da ake bukata don wannan aiki ƙanana ne ainun: taransista da kwandansa da 'yar ƙwaƙwalwar nan da masu gyaran waya ke kira aisi. Waɗansu ba su kai ƙwayar gero ba, kuma in an tattara na ɗalibi guda, sau da yawa kwalin ashana ya ishe su. Amma kuwa kuɗin kawo wannan ɗan kwali daga ƙasar da ake ƙera kayan zuwa hannun mai shi yakan ninka kuɗin abin da ke cikinsa. Wannan ne muka ga ya wajaba mu tsaya a kansa a wannan fitowa, domin al'amari ne da ya wuce aljihun ɗalibi har ya taɓa darajar ilmin da muka zo nema.

Kafin mutum ya yi kuka, ya kamata ya san abin da ya buge shi. Kamar yadda kowa ya sani, ba a ƙera irin waɗannan kaya a Nijeriya. Mafi yawansu daga Gabashin Asiya suke fitowa, musamman birnin Shenzhen na ƙasar Sin, inda kasuwar Huaqiangbei take, ko kuma daga manyan dillalai na Amurka irin su DigiKey a jihar Minnesota da Mouser a jihar Texas. Waɗanda ake yawan nema akan same su a kasuwar Alaba da ta Ikeja a Ikko, ko a Sabon Gari a Kano. Amma da zarar aikin ɗalibi ya bukaci wani abu na musamman, to, ba makawa sai an aiko da shi daga waje. Hanya biyu ce: ko dai ta gidan waya, mai sauƙin kuɗi amma mai ɗaukar makonni, ko ta kamfanonin dako na gaggawa masu kawo kaya cikin 'yan kwanaki. Ɗalibin da ranar gabatar da aikinsa ta matso ba ya da zaɓi sai ta biyun.

Su kuwa waɗannan kamfanoni, ƙunshi suke saya wa farashi, ba ruwansu da ƙanƙantar abin da ke ciki. A bisa al'ada awonsu daga rabin kilo yake farawa, watau ko kayanka giram 50 ne, kuɗin rabin kilo za ka biya. Sannan suna auna girman kwalin: a ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5,000, abin da ya fito shi ne nauyin da za a caje ka in ya fi nauyin gaskiya. Kwali mai santimita 20 da 15 da 10 zai tashi a kilo 0.6, a cike shi zuwa kilo guda, ko da rabinsa iska ce da soso. A kan wannan akwai ƙarin kuɗin man jirgi da ke hawa da sauka, da kuɗin fitar da kaya daga hannun kwastan, da kuɗin kai kaya garin da suka ɗauka yana nesa. In da batirin litiyam a ciki kuwa, wata sabuwa: tun watan Afrilu na 2016 aka hana ɗaukar irin waɗannan batura su kaɗai a matsayin kaya a jiragen fasinja, saboda tsoron gobara, sai dai a jirgin kaya tare da takardu na musamman.

A 'yan shekarun nan abubuwa da dama suka taru suka ƙara wa wannan lissafi nauyi. A 2020 annobar korona ta tsai da jiragen fasinja, alhali kusan rabin kayan da ke bin sama a duniya a cikin waɗannan jirage ake zuba su, sai wuri ya yi ƙaranci, farashi ya tashi. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya tsawwala kuɗin man jirgi. Daga ƙarshen 2023 hare-haren da aka riƙa kai wa jiragen ruwa a Bahar Maliya suka tilasta musu zagayawa ta kudancin Afirka, masu kaya da dama suka koma jirgin sama, aka ƙara cunkoso. Kamfanonin FedEx da UPS sun ƙara kashi 6.9 cikin ɗari a kan farashinsu na Amurka a 2023, suka sake ƙara kashi 5.9 a 2024. Hatta hanyar gidan waya ba ta tsira ba. A taron da Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta yi a Janiba cikin watan Satumba na 2019, bayan Amurka ta yi barazanar ficewa, an sauya tsarin da ya daɗe yana sa ƙananan ƙunsa daga ƙasar Sin su yi araha, aka bai wa ƙasashe damar ƙara abin da suke karɓa sannu a hankali.

Duk da haka, bugun da ya fi zafi daga gida ya zo. Da dala ake yin wannan lissafi duka, mu kuwa naira muke riƙe da ita. A farkon 2023 dala guda a hukumance wajen naira 460 take. Cikin watan Yuni na shekarar Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kuma a 2024 dala ta haura naira 1,500. Bari mu buga misali. A ce kayan ɗalibi dala 15 ne, dakonsu dala 35, jimla dala 50. A tsohon farashi naira 23,000 ke nan. A farashin 2024 kuwa naira 75,000 ne, watau ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a watan Yuli na 2024, kuma ya kusa cinye wata huɗu na naira 20,000 da asusun rancen karatu ke bai wa ɗalibi don ɗawainiya. Ga shi kuma kwastan kan haɗa kuɗin kaya da na dako ne su yanka haraji a kai, saboda haka duk lokacin da dako ya tashi, harajin ma ya tashi. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma ya ƙara kuɗin ɗauko ƙunshin daga filin jirgi zuwa garin mai shi.

To, ina wannan ya kai mu? Mun zauna da 'yan'uwanmu da abin ya shafa, mun kuma ga ƙofofi uku da matsi ke tura su, babu ta kirki ko ɗaya. Wani ya shiga kasuwa ya sayi duk abin da ya yi kama da wanda yake nema, ya dawo ya tarar jabu ne ko tsoho da aka goge aka sake wa lamba, ya ƙone masa aikin wata biyu cikin ƙiftawar ido. Araha dai ba ta ado. Wani ya haƙura da ƙira, ya zana na'urarsa a kwamfuta ya nuna tana aiki a kan allo, ya fita da digirin injiniya bai taɓa narka dalma ba. Na uku, wanda ya fi muni, ya je ya sayi aikin da wani ya riga ya harhaɗa, ya haddace bayaninsa ya karanta wa malamai. A ƙarshe sai ya zama ɗan mai hali ne kaɗai ke iya gwada sabon tunani, ɗan talaka kuwa, kome kaifin basirarsa, ya maimaita abin da aka yi shekara goma da suka wuce saboda kayansa ne ke samuwa a kasuwa.

Yayyenmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, kada su ce wannan kukan ɗalibai ne kurum. Su ne shaidu a kan na'urori masu tsada da ke jibge a asibitoci da gidajen rediyo da ma'aikatun ruwa, ƙura ta lulluɓe su, don kawai wani ɗan abu da bai kai farce ba ya ƙone, kuma kafin takardar neman kuɗin aiko da shi ta gama yawo daga tebur zuwa tebur farashin ya sauya. Ciwo ɗaya ne ke damun mu da su.

Gaskiya ne ba mu da iko a kan kuɗin man jirgi, ba mu kuma da ta cewa a kan farashin dala. Amma akwai wata asara da mu da kanmu muke jawowa, kuma ita ce muke iya toshewa tun bana. A aji mai ɗalibai 30, kowa shi kaɗai yake aikawa a kawo masa nasa, a ɓoye ma wani lokaci, don kada wani ya san abin da yake ƙerawa. In kayan kowa giram 50 ne, na ajin duka kilo ɗaya da rabi ke nan, amma an biya kuɗin kilo 15 a ƙalla, an biya kuɗin fitarwa sau 30. Alhali kuwa rabin kilon farko shi ne mafi tsada, abin da ya biyo baya sauƙi yake ƙara yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuwa mun tsaya kowa yana kokawa da tasa.

Sabili da haka muke kira ga shugabannin sassa da su riƙa amince wa ɗalibai da batun aikinsu tun ƙarshen shekarar da ta gabaci ta ƙarshe, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san abin da yake bukata da wata shida a gabansa zai iya jiran hanya mai araha. Muna kuma kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ƙungiyoyin sassa da su kafa kwamitin saye na haɗin gwiwa, a tattara bukatun kowa sau biyu a shekara, a aika sau ɗaya, a raba kuɗin dako gwargwadon kayan kowa. Haka nan ayyukan shekarun baya da ke jibge a ɗakunan ajiya, a zaɓi nagari a adana don tarihi, sauran a kwance su, a gwada kayan cikinsu, a mai da su rumbun da ɗalibi zai ara ya mayar.

Mun san za a kawo hanzari. Wani zai ce tun watan Satumba na 2025 Hukumar Kwastan ta yafe haraji a kan ƙananan kaya da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara, kuma in aka haɗa kayan aji guda za a wuce wannan iyaka. Wannan magana ce mai ma'ana, kuma muna yaba wa hukumar da wannan sassauci. Amma yafe haraji bai rage kobo daga kuɗin dako ba, kuma ɗalibai biyar ko shida za su iya haɗa nasu ba tare da sun kai iyakar ba. Wani kuma zai ce kuɗin jama'a a hannun 'yan ƙungiya tsoro gare shi. Ba mu musa ba, mun ga abin da ya sha faruwa. Maganinsa shi ne a sa malami ɗaya da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ɗaya a cikin kwamitin, a kuma liƙa kowane rasit a allon sanarwa inda kowa zai gani.

Ga hukumar jami'a kuwa, muna tunatar da ita cewa ɗakin gwaje-gwajen da babu kayan gwaji a cikinsa gini ne kawai. Asusun TETFund, wanda ya samo asali daga gwagwarmayar malaman jami'a, ya gina manyan ɗakuna a makarantu da yawa. Abin da muke roƙo ƙarami ne in an kwatanta da wannan: a ware wani abu a kasafin kowace shekara don sayen ƙananan kayan nan da yawa a lokaci guda, a ajiye su a sashe, a sayar wa ɗalibi a kan kuɗin da aka sayo. Jami'o'in da ke kusa da juna ma za su iya haɗa nasu, su nemi ragi daga dillalai da kamfanonin dako kamar yadda kowane babban mai ciniki yake samu. Gwamnati kuma ta duba yiwuwar ɗauke haraji baki ɗaya daga kayan da aka tabbatar na koyarwa ne.

Ana yawan gaya mana a wuraren taro cewa mu ne za mu ƙera wa ƙasar nan abin da take sayowa daga waje. Mun ji, mun kuma yarda. Amma ƙira a hannu ake koyon ta, kuma wanda bai taɓa ƙona taransista goma yana gwaji ba, ba zai gyara na'urar asibiti ba, balle ya ƙera sabuwa. Majalisar ɗalibai za ta zauna kafin ƙarshen wannan zango. Muna fata wakilan sassan da abin ya shafa za su shiga da jerin kayan da 'yan ajinsu ke bukata a hannu, a tsai da kwamitin nan, don 'yan ajin ƙarshe na baɗi su tarar da hanya a share.