'Yan Anka Da Gummi Da Bukkuyum, A Riƙa Waiwayar Gida

Mutanen tsibiran Sikotland, waɗanda talauci da korar masu filaye suka watsa kakanninsu zuwa Kanada da Ostireliya a ƙarni na 19, sukan shirya taron komowa gida. Jikoki kan zo su ga kufan gidajensu, su rubuta asalinsu. A 2009 har gwamnatinsu ta keɓe shekara guda saboda haka.

To, mu fa? Anka ce mazaunin Sarkin Zamfara, magajin sarautar da Gobirawa suka tasa daga Birnin Zamfara a ƙarni na 18. Amma ɗan ma'aikacinmu da aka haifa a Kaduna da ƙyar zai faɗi sunan ƙauyen kakansa. Ga shi 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, dattawan da ke riƙe da tarihi suna ƙarewa wajen gudun hijira.

Lalle ya kamata 'yan ƙasar nan mazauna birane su tsai da rana bayan Babbar Salla, hukuma ta tsare musu hanya, su hallara a garuruwan nan uku. Ɗalibai su durƙusa gaban dattawa da alƙalami tun suna da rai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.